Yadda Za Ka Gane Tsohuwar Salun Da Aka Mayar Hot Rod

Ranar da na fara zuwa taron masu tsofaffin motoci a Amurka, kunya na kwaso. Filin ajiye motoci ne, da sanyin safiyar Asabar, kowa ya fito da abin da ya daɗe yana lallaɓawa a gareji. Na tsaya gaban wata baƙar Ford ta 1934 mai ƙofa biyu, na ɗaga murya don a san ni ma na sani, na ce wa abokin tafiyata wannan kam yadda kamfani ya ƙera ta haka take, ko noti ɗaya ba a sauya mata ba. Mai motar wani dattijo ne, yana zaune a gefe kan kujerarsa ta naɗewa. Bai musa mini ba. Ƙasa kawai ya nuna mini da yatsa, wai in durƙusa in leƙa. Da na leƙa, sai ga burkin faifai irin na motocin zamani yana sheƙi a bayan tayar gaba, ga salansa biyu masu kauri sun miƙe har baya. Da ya ɗaga bonet kuwa, injin Chevrolet ne zaune daram a cikin Ford, injin da bodin ya girme shi da fiye da shekara talatin. Na miƙe ina kakkaɓe gwiwa, ban ƙara cewa uffan ba.

Tun daga ranar na koyi bin mota daki-daki, daga nesa zuwa kusa, daga sama zuwa ƙasa. Abin da zan faɗa maka nan shi ne yadda nake yi yanzu, ko motar tana gabana, ko a hoto ko bidiyo na gan ta.

Mu fara daidaita harshe. Idan Ba'amurke ya ce mota ta kafin yaƙi ce, wato Yaƙin Duniya na Biyu, yana nufin wadda aka ƙera kafin farkon 1942, lokacin da masana'antun ƙasar suka daina yin motocin farar hula suka koma ƙera tankoki da jiragen yaƙi. Salun kuwa ita ce rufaffiyar mota mai kujeru gaba da baya, ƙofa biyu ko huɗu. Kamfanin Ford yana kiran mai ƙofa biyu Tudor, mai huɗu kuma Fordor, wasa da kalmomi ne a harshensu. Hot rod ita ce irin wannan tsohuwa idan aka rage mata nauyi, aka sassauko da ita ƙasa, aka ɗora mata injin da ya fi ƙarfinta. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka faro abin a shekarun 1930, suna kai motocinsu busassun tafkuna na hamadar Mojave, irin su Muroc da El Mirage, suna gwada gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A 1937 suka kafa ƙungiyar SCTA don tsara tseren. Bayan yaƙi sojoji suka dawo da ilimin kanikanci da walda, mujallar Hot Rod ta fara fitowa a 1948, wani mai suna Wally Parks ya kafa NHRA, ƙungiyar masu hot rod ta ƙasa baki ɗaya, a 1951, daga nan abin ya game ƙasar.

Salun ba ta samu karɓuwa da wuri ba. A shekarunta na farko SCTA ba ta barin mota mai rufi ta shiga tserenta, sai buɗaɗɗiya mai jerin kujera ɗaya. Salun motar mai iyali ce, ta kai yara makaranta. Amma ita ce ta fi yawa, don Tudor ce aka fi saya a zamanin Model A, samfurin Ford na 1928 zuwa 1931, kuma ta fi araha a hannun masu sayar da tsohon ƙarfe. Da samarin nan suka yi aure suka haihu, sai kujerar baya ta yi rana. Ni kam na fi son salun, saboda doguwar rufinta ba ta ɓoye aikin banza. Idan mai walda ya yi ha'inci, a nan za ka kama shi.

To, ka ga mota. Kada ka matsa. Ja da baya kamar taku ashirin, ka tsaya daidai gefenta, ka dubi tsayuwarta. Motar kafin yaƙi da ba a taɓa ba tana tsaye ne ƙiƙam, sama da ƙasa sosai, domin don hanyoyin ƙasa masu kwari da tudu aka yi ta. Gabanta da bayanta tsawo ɗaya, kuma tsakanin taya da rumfar ƙarfen da ke samanta akwai sarari da za ka iya zura hannu har da juya shi. Hot rod kuwa hancinta a sunkuye yake, ƙugunta a ɗage, kamar mai shirin zabura. Rumfar tayar gaba ta rungume tayar, wani lokacin saman tayar ma ya ɓace a ciki. Tayoyin gaba ƙanana ne sirara, na baya manya masu faɗi. Wannan bambancin taya shi ne tsohuwar alamar gidan, kuma yana da dalili: babbar taya a baya tana ƙara gudu da riƙon ƙasa, ƙarama a gaba tana rage nauyi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Da ka ga mota biyu uku na asali, idonka zai riƙa faɗa maka da kansa cewa wannan ta yi ƙasa da yawa.

Akwai masu saɓa wa wannan, irin waɗanda aka haɗa don tseren miƙaƙƙiyar hanya a shekarun 1960. Su hancinsu ne a sama, kamar mota za ta yi tsalle, don nauyi ya koma kan tayoyin baya idan an taka totur. An fi yin haka da motocin kamfanin Willys. Ita ma taɓaɓɓiya ce, ta wata fuskar dai.

Wili yana saurin tona asiri idan ka riƙe 'yan lambobi kaɗan. Ford ta yi ta rage girmansa kusan kowace shekara: inci 21 a Model A ta 1928 da 1929, inci 19 a 1930 da 1931, inci 18 a 1932, inci 17 a 1933 da 1934, sai inci 16 a 1935. Duk waɗannan masu wayoyi ne kamar na keke, sai dai kauri. Daga 1936 zuwa 1939 ta koma wilin ƙarfe mai notuna biyar a warwatse can kusa da baki, tsakiyarsa a buɗe. Saboda haka idan ka ga Model A a kan wili mai inci 15 ko 16, na ƙarfe zalla da aka yi wa jan fenti, ko na alminiyam mai ƙyalli, hannu ya taɓa ta. Ita ma tayar ka dube ta. Ta da tana da tsawo, siririya, gefenta a miƙe. Mai faɗin nan da cikinta ke ɗan bajewa a ƙasa, irin wadda kowa ke hawa yau, babu ita kafin yaƙi. Sai dai kada ka rantse a kan taya kaɗai, don mai motar asali ma yakan sa ta zamani saboda daɗin tuƙi.

Yanzu rufi, kuma a nan nake daɗewa. Masu wannan harka suna yanke ginshiƙan da ke riƙe da rufin, su cire inci biyu, uku, huɗu, su sauko da shi su yi walda. Asalin dalilin shi ne rage tokarar iska a wajen tsere, daga baya ya zama ado. Salun ta asali tana da dogayen tagogi, domin a wancan zamani namiji da hularsa ta malafa yake shiga mota, kuma an yi lissafi da ita. A Model A ko Ford ta 1932, tagar ƙofa ta kusa zama murabba'i. Idan ka ga tagar ta zama kwantacciya, faɗinta ya ninka tsawonta, gilashin gaba ya koma kamar tsagar akwatin wasiƙa, to an datse ta. Ga yadda nake aunawa da ido: in kwatanta tsawon gilashin ƙofa da tsawon ƙarfen ƙofar daga gindin gilashi zuwa ƙasa. Idan gilashin ya yi kama da ɗan rawani a kan ƙaton mutum, an rage.

Wuyar wannan aiki ta danganta da shekarar motar. Ginshiƙan Model A da na 1932 kusan a miƙe suke, don haka yanka ne kawai a sauko. Daga tsakiyar shekarun 1930 ginshiƙan gaba suka fara kishingiɗa, bayan motar ya fara lanƙwasa. Idan ka datse irin wannan ka sauko da rufin, sai ka tarar ya yi gajere, sama da ƙasa sun ƙi haɗuwa. Dole a tsaga rufin a ƙara masa ƙarfe a tsakiya, ko a ƙara kishingiɗar da ginshiƙan. A nan ake sanin gwani. Ka tsaya a kusurwar baya, ka bar haske ya bi saman rufin zuwa idonka. Aikin gwani haskensa a miƙe yake tafiya. Aikin ɗan koyo za ka ga hasken yana karkacewa a daidai inda aka haɗa. Ka dubi magudanar ruwan da ke bin saman ƙofa, ka ga ko ta tafi sumul ko ta karye a wani wuri. Idan ƙofa a buɗe take, leƙa cikin ginshiƙin, sau da yawa tabon walda yana nan ba a goge ba.

Wani abu kuma a saman nan: salun ɗin Ford har zuwa 1936 tsakiyar rufinsu ba ƙarfe ba ne. Firam ne na katako da aka lulluɓe da wani baƙin yadi mai hana ruwa shiga, domin a lokacin ba a iya buga faifan ƙarfe mai wannan faɗi a dunƙule ba. General Motors ta fito da rufin ƙarfe zalla a 1935, Ford ta biyo baya a 1937. To idan ka ga Ford ta 1932 ko 1934 samanta ƙarfe ne sumul daga gaba har baya, wani ne ya cike gurbin, galibi da rufin wata motar da ta biyo baya. Da na san wannan a waccan Asabar, da ban ji kunya ba, don motar dattijon nan rufinta a cike yake.

Akwai kuma sauko da bodi a kan shasi. A yanke daɓen motar, a zura bodin ƙasa ya haɗiye shasin, a sake yin daɓe a sama. Daga waje za ka ga ƙasan ƙofa ya kusa taɓa titi, shasi ya ɓace. Daga ciki kuwa za ka tausaya wa direba: kujera a ƙasa, gwiwa kusa da ƙirji. Idan an haɗa wannan da datse rufi, mai tsawo sai dai ya kalla. Wasu kuma sukan cire rumfunan taya da matakin gefe gaba ɗaya, su bar bodin a saman shasi yadda yake, tayoyi tsirara. Wannan ya fi dacewa da Ford ta 1932, domin shasinta an yi shi ne don a gani, yana da wata kyakkyawar zana da ta bi gefensa.

Kafin ka ce an sauya abu, sai ka san me ya kamata ya kasance a wurin, wato sai ka gane shekarar bodin. Model A, daga 1928 zuwa 1931, tankin manta a gaban direba yake, murfinsa a waje daidai gaban gilashi, kuma akasarinsu suna da 'yar rumfa a saman gilashin gaba. A 1932 tanki ya koma baya. Ford ta 1933 da 1934 ragar gabanta a kishingiɗe take mai tsinin ƙasa kamar shebur, ƙofofin gaba kuma ta gaba suke buɗewa, maƙalarsu a baya. A 1937 fitilu suka shige cikin rumfar taya, gilashin gaba ya rabu biyu. Chevrolet da sauran motocin General Motors na farkon shekarun 1930 katako ne ƙashin bodinsu, ƙarfe a lulluɓe, shi ya sa da yawansu suka ruɓe, kuma shi ya sa idan ka zaga taro Ford za ka fi gani.

A nan akwai tarko. Ragar gaban Ford ta 1932 ita ce abar so a wannan duniya, kowa ɗora ta yake yi a kan motarsa. Za ka ga hanci na 1932, ka yi saurin cewa ta 1932 ce, alhali bodin Model A ne, wataƙila ma a kan shasin 1932. Kama da wane ba wane ba ne. Ka bar hanci, ka dubi ƙofa da taga da gaban gilashi. Idan ka ga murfin tanki a gaban gilashi, ko tabon inda aka toshe shi, Model A ce ta ari fuska. Ita kanta ragar ka dubi samanta: ta asali tana da murfin lagireto a ka, masu hot rod sukan toshe ramin su goge. Haka suke cire hannun ƙofa, su cire bamba, su sauko da sandar da ke riƙe da fitilu, su bubbuga wa bonet tsagogi jere-jere don zafi ya fita. Fitilar baya ma ka kula da ita. Ƙaramar nan mai siffar ɗigon hawaye ta Ford 1939 ce, amma za ka gan ta manne a bayan motoci na kowace shekara.

Sai durƙuso, darasin dattijo. Ford ta riƙe tsarin gabanta tun daga Model T, samfurin da ya gabaci Model A, har 1948: sandar aksil guda ɗaya daga taya zuwa taya, da sifirin ɗaya a gicciye a samanta. Ta asali lanƙwasarta kaɗan ce. Ta hot rod an gasa bakunanta biyu an murɗa su sama, yadda tsakiya zai sauka kamar inci huɗu, kuma wannan ne ke sunkuyar da hancin. Sau da yawa za ka ga an huhhuda sandar da ramuka jere, ko an yi mata farin ƙarfe mai ƙyalli. Idan kuwa babu sandar sam, kowace taya da nata hannaye da naɗaɗɗen sifirin, to an dasa mata gaban wata mota, galibi irin na Ford Mustang II ta 1974 zuwa 1978, wanda masu wannan aiki suka mayar abin yayi. Amma ka yi hattara idan Chevrolet ce, don ita tun 1934 ta fara sa wa manyan samfuranta gaban da kowace taya ke motsi da kanta.

Burki ma haka. Ford ta ƙi burkin mai har 1939, da sanduna da wayoyi take ja, alhali Plymouth tun fitowarta a 1928 da burkin mai ta zo, Chevrolet kuma ta koma a 1936. Idan ka ga tiyon man burki ya shiga bayan tayar Model A, an sauya, kodayake wannan sauyi ne da ko mai tsoron Allah zai yi don tsira da rai. Burkin faifai kuwa ba ya buƙatar muhawara. A baya, aksil ɗin Ford na asali tsakiyarsa kamar ƙwarya biyu ne da aka kife, sandar da ke kawo masa juyi daga giya kuma a rufe take cikin bututu. Idan ka ga sandar tsirara tana juyawa, da ƙaton aksil mai dunƙulallen baya, mai yiwuwa wanda ake kira mai inci tara ne, wanda Ford ta fito da shi a 1957, kuma har yau shi ake nema saboda ba ya karyewa da wasa.

Inji shi ne zuciyar maganar. Model A silinda huɗu gare ta, ƙarfin doki 40. A 1932 Henry Ford ya fito da V8 mai araha, wato inji mai silinda takwas, lita 3.6, ƙarfin doki 65, kuma wannan inji ne ya bunƙasa harkar. Ana kiransa mai shimfiɗaɗɗen kai, domin bawul ɗinsa a cikin gangar injin suke, kansa kuwa faifan ƙarfe ne kawai da aka ɗaure da notuna, fulogi huɗu a tsaye a kowane gefe. Idan kana da haƙuri ka ƙirga notunan: 21 a kowane kai na farko ne, 24 daga 1938 zuwa sama. An ci gaba da sa shi a motocin Amurka har 1953, don haka ganin irinsa a motar 1932 ba ya nufin nata ne na haihuwa. Na asali kafireto ɗaya gare shi, kansa ba ado. Idan ka ga kan alminiyam mai ƙirori jere, an rubuta Edelbrock ko Offenhauser a jiki, da kafireto biyu ko uku a layi, yawanci Stromberg 97, to ka samu hot rod irin ta tsohon yayi, kuma ka tsaya ka more kallo.

Ga dabarar da na fi so, wadda ke aiki ko a hoto: ƙirga bututun hayaƙi da ke fitowa daga gefen inji. Shimfiɗaɗɗen kan Ford silinda huɗu ne a gefe, amma bututu uku ne ke fita, domin silinda biyun tsakiya ƙofa ɗaya suke tarayya. Idan ka ƙirga huɗu, biyun tsakiya manne da juna, na gefe a ware, ƙaramin V8 na Chevrolet ne, wanda ya fito a 1955, samfurinsa mai lita 5.7 kuma a 1967. Shi ne ya fi kowane inji yawa a cikin waɗannan motoci, don ga araha, ga kayan gyara ko'ina, ga shi ɗan cif-cif. Ka tabbatar da duba distirbuta: ta Chevrolet a baya take, dab da bangon da ya raba inji da direba, shi ya sa sau da yawa ake lotsa bangon ciki don ta samu wuri. Huɗu masu tazara daidai da distirbuta a gaba, ƙaramin V8 na Ford ne na shekarun 1960 zuwa sama. Idan kuwa ka ga murafun inji masu faɗi kamar tire, wayoyin fulogi suna nutsewa a tsakiyarsu, wannan Hemi ne na Chrysler, wanda ya fara a 1951, kuma mai motar bai zo da wasa ba. Masu kishin Ford suna jin haushin ganin Chevrolet a cikin Ford, har ba'a suke yi wa juna a kai. Ni dai ban shiga wannan faɗa, amma in gaskiya za a bi, bututu uku sun fi faranta mini rai.

Idan bonet a rufe yake, kunne zai taimaka. Model A tana tafiya da wani sauti mai sanyi, taf-taf-taf, kamar ba ta gaggawa. V8 da aka sauya wa sandar buɗe bawul kuwa ba ya iya zama lafiya a tsaye: yana gurnani yana tuntuɓe, kamar zai mutu bai mutu ba, motar duka tana rawa.

Cikin mota ba ya ɗaukar lokaci. Ka leƙa ta taga, hannunka a bayanka, ka ƙirga abin takawa. Biyu kawai, ba kuloc? Giya mai sauya kanta sai a samfurin 1940 Oldsmobile ta fito da ita, Ford kuwa sai 1951. Ƙaramin sitiyari mai kauri, agogunan auna mai da zafi da juyin inji jere a dashbod, ramukan iskar sanyi, bel ɗin kujera, duk baƙi ne. Motocin wancan zamani batir mai bolt 6 suke amfani da shi, Ford ba ta koma 12 ba sai 1956, saboda haka rediyon zamani ko wurin cajin waya shaida ne an sake wayoyin wuta.

Ka lura har yanzu ban ce komai a kan fenti ba, alhali shi ne abin da kowa ke fara gani. Harsunan wuta da ake zanawa daga hanci zuwa ƙofa, da siraran layukan nan na goga da mai zane Von Dutch ya yi suna da su a shekarun 1950, da fenti mai ƙyalƙyali kamar an barbaɗa gilashi, duk alamu ne, ba musu. Amma fenti ya fi komai sauƙin yi, kuma motocin da aka fi kashe wa kuɗi da tunani sau da yawa baƙi ne wuluk ba zane. Kada kuma ka ɗauka duk mai launi taɓaɓɓiya ce. Zancen cewa Ford baƙa kaɗai take yi, na Model T ne daga 1914 zuwa 1925. Model A ta zo da launuka iri-iri, rumfunan tayarta ne dai baƙaƙe. A ɗaya gefen kuma akwai masu barin tsatsa da gangan, ba fenti, walda a fili, kujera ta buhu. Wasu daga cikinsu aikin hankali ne a ƙarƙashin tsatsar, wasu kuwa ba zan yarda in zauna a ciki ba ko a tsaye suke.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mai zafi: tsohuwar ce da gaske? Akwai kamfanonin da ke yin sabon bodi irin na 1932 da 1934, wasu da faiba, wasu da ƙarfe, da sabon shasi, yadda mutum zai haɗa mota sukutum ba tare da ko ƙusa ɗaya ta zamanin Henry Ford ba. Bodin faiba gefen ƙofarsa ya fi kauri, kusurwoyinsa a dakushe, idan ka leƙa ƙarƙashin rumfar taya za ka ga saƙar zare maimakon ƙarfe. Sau da yawa maƙalan ƙofa a ɓoye suke, gilashin gaba a manne, ba ya buɗewa ta ƙasa yadda na asali ke yi don shan iska. Tsohon ƙarfe kuwa yana da tabo: facin da aka yi a ƙasan ƙofa, ramukan notuna da aka toshe, ragowar katako a cikin ginshiƙi, ƙofar da sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Ford takan buga lambar mota a saman shasi ta gefen direba, da tauraro a farko da ƙarshenta, sai dai a wasu samfuran bodi ya rufe wurin, ba za ka gani ba sai an ɗaga.

Mayen ƙarfe yana raba gardama nan take: ya kama, ƙarfe ne, ya zame, faiba ce ko fila mai kauri, wato ƙullun da ake cike lotsawa da shi. Amma kada ka kuskura ka manna shi a jikin motar mutum ba izini. Na taɓa ganin wani ya yi, kuma abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Tambaya ta fi sauƙi. Ka ce wa mai motar, bodin nan na asali ne? Inci nawa aka cire a rufi? Waɗannan mutane shekaru suka yi suna kwance a ƙarƙashin motocinsu, babu abin da suke jira kamar wanda ya lura. Na sake haɗuwa da dattijon nan bayan wata biyu a wani taron, na ce masa inci uku aka rage a rufin. Ya ce biyu da rabi ne, sannan ya tashi ya buɗe but ya ɗauko kundin hotunan aikin, tun daga ranar da ya jawo ta daga wata gona, bishiya ta tsiro ta inda yadin rufin ya ruɓe.